Jiran takardar likita: nazarin mutuwar ɗalibar fiziks a Jami'ar Bristol

Ranar Litinin 30 ga Afrilu 2018 aka tsara wa 'yan aji biyu na sashen fiziks a Jami'ar Bristol da ke Ingila su gabatar da aikin gwajinsu rukuni-rukuni, a wani zauren lacca mai kujeru 329, gaban malamai da sauran ɗalibai. Ɗaya daga cikinsu, 'yar shekara 20, ba ta zo ba. A ranar aka tarar da ita a ɗakinta ta kashe kanta.

Ba kwatsam lamarin ya zo wa sashen ba. Wata shida ke nan malamanta suna ganin akwai matsala, kuma babu wanda ya ce sun wulaƙanta ta. Sun kira ta, sun zauna da ita, wata ma'aikaciyar ofishin sashen ma da kanta ta raka ta wurin likita. Duk da haka kotuna biyu sun samu jami'ar da laifi. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari ke nan: yadda mutanen kirki za su yi ta ƙoƙari, amma abu ɗaya da ke hannunsu, wato canza salon jarrabawa, su bar shi yana jiran takarda.

Yadda abin ya faro

Ta shiga jami'ar a 2016 don digirin shekara huɗu, ta kuma ci shekarar farko lafiya lau. A shekara ta biyu akwai darasin dole na aikin ɗakin gwaje-gwaje, wanda wani kaso na makinsa da baki ake samunsa. Bayan kowane gwaji ɗalibi zai zauna gaban malami ya bayyana abin da ya yi, ya amsa tambayoyi, sannan a ƙarshen zango a yi babban taron gabatarwa. A zaman farko, cikin Oktoba 2017, ta zo amma ta kasa amsa ko tambaya ɗaya. Daga nan akasarin zaman ba ta halarta ba, aka riƙa rubuta mata maki kaɗan ko babu.

A Disamba babban malamin da ke kula da ɗaliban sashen ya gana da ita, ya shawarce ta ta ga likita, ta kuma tuntuɓi ofishin kula da ɗalibai masu lalura, domin daga can ne takardar da za ta ba sashe damar yi mata sassauci take fitowa. Ba ta bi zancen ofishin ba. A Fabrairu 2018 saƙon imel ya iso wa ma'aikaciyar sashen cewa ɗalibar tana fama da tunanin kashe kanta, har ta taɓa gwadawa. Aka kai ta asibitin ɗalibai, daga can aka tura ta ga ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na hukumar lafiya ta NHS. A watan ne aka tabbatar tana da ciwon fargabar mu'amala da mutane, mai tsanani kuma daɗaɗɗe, ga ciwon damuwa a kai. Bazara ta shigo, ranar taron gabatarwa tana matsowa, makinta na wannan darasi yana ƙasa, kuma ba a cire ta daga jerin masu hawa dandamali ba.

Abin da takardar maki take faɗa

Malami ba likita ba ne, amma sau da yawa alamar farko a hannunsa take faɗowa. Ciwon damuwa yana taɓa ainihin kayan aikin ɗalibi. Hankali ba ya tsayawa, sai ya karanta shafi ɗaya sau uku bai riƙe komai ba. Barci yana lalacewa, wani ya farka ƙarfe uku na dare ya kasa komawa, laccar ƙarfe takwas ta wuce shi. Tunani yana yin nauyi, yanke ƙaramin hukunci kamar wace tambaya zai fara amsawa ya zama aiki. Likitoci suna neman alamomi biyar cikin tara da suka ɗauki aƙalla mako biyu, kuma dole cikinsu a samu baƙin ciki mai ɗorewa ko fitar sha'awar komai daga rai. Sauran su ne canjin cin abinci, canjin barci, sanyin jiki ko rashin natsuwa, gajiya, ganin kai ba shi da amfani, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa.

Daga nan abin ya zama zagaye. Ciwo ya jawo faɗuwa, faɗuwa ta jawo kunya, kunya ta hana shi buɗe saƙon malami ko taka ƙafa sashe, aiki ya taru, ciwo ya ƙaru. Farfesa Rory O'Connor na Jami'ar Glasgow ya bayyana matakan da ke kai mutum ga tunanin kashe kai: da farko jin an kayar da shi ko an muzanta shi, sannan jin ya maƙale babu mafita. Wannan na biyun shi ne mai haɗari, kuma jarrabawar dole mai tsayayyar rana tana iya gina shi daidai. Idan ɗaliba ta hau dandamali ta san harshenta zai ɗaure a gaban jama'a. Idan ba ta hau ba tana ganin darasin ya tafi, wataƙila har gurbin karatun. Ta ko'ina ta duba bango take gani.

Akwai abu ɗaya a makin wannan ɗalibar da ya kamata ya tsayar da duk wanda ya duba. Ba a ko'ina take faɗuwa ba. Inda ake rubutu tana iyawa, inda ake magana da baki ne take rushewa. Malalacin ɗalibi ko wanda darasi ya fi ƙarfinsa yakan yi rauni a duka. Idan aka ga rauni a salon jarrabawa guda kawai, to salon ne ke karo da wata lalura, kuma wannan tambaya ce da sashe zai iya yi wa kansa ba tare da ya jira kowa ba.

A nan sai mai karatu Bahaushe ya yi hattara, domin mu kunya ado ce, musamman ga 'ya mace. Yarinyar da ba ta ɗaga kai gaban malami yabonta ake yi. To amma mai kunya idan aka tambaye ta za ta amsa, ko da a hankali, ko da idonta a ƙasa. Mai ciwon fargaba zuciyarta bugawa take kamar za ta fito, gumi ya karyo, baki ya bushe, abin da ta sani sarai ya ɓace mata. Takan kwana bakwai tana zullumin zaman minti goma, ta ƙara wasu bakwai tana tuhumar kanta a kansa. "Ki daure, kowa ma haka ya fara" ba ya warkar da wannan.

Tarkon takarda

Babban kuskuren yana cikin tsarin neman sassauci. Don a sauƙaƙa mata magana da baƙi, sai da aka buƙaci ta je ta yi magana da baƙi: ta nemi ganin likita, ta zauna ta bayyana masa sirrinta, ta kai takarda wani ofishin, ta sake bayani ga wani baƙon. Kowane mataki a nan shi ne ainihin abin da ciwon ya hana ta. Da ta kasa, sai tsarin ya karanta shirunta a matsayin ba ta ba da haɗin kai ba, alhali shirun nan shi ne ciwon.

Ga kuma rarrabuwar labari. Malamin ɗakin gwaji ya san ba ta zuwa. Ofishin sashe ya san da zancen kashe kai. Likitoci sun san sunan ciwon. Iyaye suna wani gari da nasu guntun sanin. Babu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin ya haɗa waɗannan, ya dubi kalanda, ya ce ga ranar 30 ga Afrilu tana tafe, me za mu yi da ita. A irin wannan yanayi kowa yana zaton wanda ya fi shi sani yana riƙe da lamarin.

Ɓangaren asibiti ma bai tsira ba. A binciken musabbabin mutuwa da aka yi a Mayu 2019, mai binciken ta yanke cewa sakacin hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta yankin Avon da Wiltshire ya taimaka wajen mutuwar, saboda ba a yi mata cikakken tsarin kulawa a kan lokaci ba. Mutumin da ya taɓa yunƙurin kashe kansa yana cikin waɗanda suka fi kowa haɗarin sake yi, don haka ba a barinsa da "sai mun kira ki".

Abin da kotu ta ce

Mahaifinta ya kai ƙara. A Mayu 2022 alƙali Alex Ralton na kotun yankin Bristol ya yanke cewa jami'ar ta saɓa Dokar Daidaito ta 2010, ya kuma umarci a biya diyyar fam dubu 50 da 'yan kai. A ƙarƙashin wannan doka, lalurar ƙwaƙwalwa da ta yi tasiri mai yawa kuma mai ɗorewa a harkokin mutum na yau da kullum naƙasa ce, daidai da ta jiki, kuma makaranta wajibi ne ta yi sassaucin da hankali zai ɗauka. Wajibin ba ya jiran sai ɗalibi ya roƙa.

Hujjar jami'ar tana da nauyinta, kuma kowane malami zai gane ta. Ta ce iya bayyana sakamakon gwaji da baki da kare shi gaban masana yana cikin abin da ake nufi da zama masanin fiziks, dokar kuma ba ta tilasta a sassauta ma'aunin ƙwarewa ba. Kotu ta raba abu biyu da aka saba cakuɗawa: ƙwarewar da ake aunawa daban, hanyar auna ta daban. Abin da ake son sani shi ne ko ɗaliba ta fahimci gwajinta, tana iya bayyana shi, tana iya amsa suka a kansa. Ana iya gano wannan a rubuce, ko a ba ta tambayoyin tun kafin zama, ko a ƙaramin ɗaki gaban mutum ɗaya ko biyu. Ba a rage komai daga ilimin ba.

Jami'ar ta ɗaukaka ƙara. A Fabrairu 2024 Mai Shari'a Linden na Babbar Kotu ya yi watsi da ita. Muhimmin abin da ya fito daga hukuncinsa shi ne cewa abin da ɗalibi ya faɗa da abin da aka ga yana yi su ma hujja ne. Neman takardar likita ba laifi ba ne a inda akwai lokaci, amma idan lamari ya yi tsanani kuma yana da gaggawa, ba a fakewa da rashinta. Sai dai iyayen ba su samu duk abin da suka nema ba. Kotun farko ta ƙi yarda cewa jami'a tana da wajibin kulawa irin wanda ake tuhumar sakaci da shi, Babbar Kotu kuma ba ta yanke hukunci a wannan gaɓar ba. Iyalan ɗaliban da suka rasa 'ya'yansu sun tara sa hannun mutum sama da dubu 128 suna neman a kafa wannan wajibi a doka, majalisar dokokin Birtaniya ta yi muhawara a kai a Yuni 2023, gwamnati ba ta amince ba.

Kada a fahimci cewa jami'a wurin mutuwa ce. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya sun nuna ɗalibai 319 ne suka kashe kansu a Ingila da Wales cikin shekarun karatu huɗu da suka ƙare a 2020, kuma idan aka auna da yawansu, adadin ya yi ƙasa da na sa'anninsu a cikin jama'a gaba ɗaya. Faɗuwa jarrabawa ita kaɗai ba ta kashe mutum. Dubbai suna faɗuwa su tashi. Haɗarin yana inda faɗuwa ta tarar da ciwo, ga kaɗaici, ga ƙofa a rufe.

Abin da ya kamata sashe ya yi, da lokacin yinsa

Da za a koma Oktoba 2017, aikin farko ba na likita ba ne. Ɗalibin da ya ci shekarar baya da kyau, sai ga shi ya tsallake jarrabawa biyu a jere ko ya zauna shiru gaban malami, a neme shi cikin mako guda, kada a bari sai taron tantance sakamako. Wanda ya fi sabawa da shi ne zai neme shi, a wurin da babu idon jama'a. Idan magana ce matsalar, a buɗe masa ƙofar rubutu, ya turo saƙo. A fara da abin da aka gani, ba da tuhuma ba: "Na ga sau biyu ba ki zo zaman gwaji ba, kuma rahotonki na rubuce yana da kyau. Me yake faruwa idan kin zauna gaban malami?"

Daga nan a yi sassaucin wucin gadi nan take, a rubuta shi, a sa masa wa'adi, misali zuwa ƙarshen zango, takardar likita ta biyo baya. Masu tsoron kada ɗalibai su mayar da wannan hanyar zamba su auna asarar ɓangarorin biyu. Idan an yaudare ka, ɗalibi ɗaya ya amsa tambayoyinsa a rubuce maimakon da baki. Ɗaya ɓangaren kuwa mun ga inda ya kai. Kuma kada a ce "je ki ofishin kaza". A kira ofishin tana zaune, a karɓo rana da lokaci, a samu mai raka ta, a tambaya washegari ko an je.

Idan zancen mutuwa ya fito, ko aka ji kalamai irin su "na gaji da komai", "da babu ni da kowa ya huta", a yi tambayar kai tsaye: "Tunanin kashe kanki yana zuwa miki?" Bincike da dama ya nuna wannan tambaya ba ta dasa tunanin a ran wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa sau da yawa sauƙi yake ji. In ta ce e, sai a ci gaba a natse: ko ta tsara yadda za ta yi, ko abin yana kusa da ita, ko ta sa rana, ko ta taɓa gwadawa. Wadda take da tsari da abin aikatawa a hannu ba a barinta ita kaɗai, a ranar ake kai ta asibiti. Kada a yi alkawarin rufe sirri, a ce mata gaskiya: "Ba zan yaɗa ba, amma dole in sa wanda zai taimaka, mu zaɓe shi tare." Wa'azi da tsoratarwa a wannan lokacin rufe bakin mutum suke yi, wanda ya kai nan ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi mai laifi ne.

Asibitoci da yawa suna amfani da takardar tambayoyi tara mai suna PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27. Daga 10 ana ɗaukar ciwon ya kai a yi magani, daga 20 ya yi tsanani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne duba jimla kawai. Tambaya ta tara a kan tunanin mutuwa take, kuma ko jimla ta yi ƙasa, duk amsar da ba "ko kaɗan" ba tana buƙatar zama a yi magana. Takardar tantancewa ce, ba ta maye gurbin likita. Shi ne zai duba ko akwai ƙarancin jini, ko matsalar maƙoƙo, ko shaye-shaye, ko kuma mutum ya taɓa yin kwanakin da ya cika da kuzari ba barci ba gajiya, domin mai irin wannan ciwon maganin damuwa shi kaɗai yana iya rikita shi.

Maganin damuwa ba ya aiki dare ɗaya. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci shida, alhali tashin zuciya da rashin natsuwa suna iya zuwa tun kwanakin farko. A nan ɗalibai da yawa suke ajiye shi su ce bai karɓe su ba. Ga matasa 'yan ƙasa da 25 tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa a farkon shan magani, shi ya sa ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a sake ganinsu bayan mako ɗaya da farawa ko da ƙara yawansa. Bayan an warke ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma a hankali ake janye shi. Ita fargabar mu'amala, maganinta na farko zaman koyar da sauya tunani da ɗabi'a ne, inda ake fuskantar abin tsoron mataki-mataki: yau magana da mutum ɗaya, gaba uku, gaba goma. Saboda haka sassaucin jarrabawa ba yana nufin ba za ta taɓa magana gaban jama'a ba. Yana nufin ba za a fara mata daga zaure mai kujeru 329 ba, tana tsakiyar ciwo, da makomar karatunta a kan mizani.

Kafin a rabu da wanda ke cikin haɗari ana rubuta tsarin kariya tare da shi, irin wanda masana halayyar ɗan Adam Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara, shafi ɗaya, da kalmominsa. A ciki akwai alamomin da yake gane guguwar tunanin kashe kai ta taso, abin da zai yi shi kaɗai ya kwantar da ita, wurare da mutanen da ke ɗauke masa hankali, waɗanda zai gaya wa gaskiya da lambobinsu, asibitin da zai nufa da dare, sannan kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗaki. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda tsananin guguwar sau da yawa mintuna ne ko sa'o'i, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Sashe kuma ya ƙara nasa layi: jerin ranakun jarrabawa, gabatarwa da fitar sakamako, da sunan wanda zai tuntuɓi ɗalibin kwana biyu ko uku kafin kowace.

Jami'o'inmu ma suna da irin waɗannan ranaku: gabatar da semina, kare kundin kammala digiri, jarrabawar baki ta ɗaliban likitanci, da ranar da ake liƙa sakamako a allo kowa ya ga wanda zai maimaita darasi. Akwai kuma wani shinge da Ingila ta cire tun 1961 amma ya daɗe a dokokinmu: sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa ya tanadi hukuncin da zai kai ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa abokan ɗaki ɓoye lamari maimakon su garzaya asibiti. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023, shekarar da aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya.

Ita Bristol, tun a zangon da ya biyo bayan wannan rashi a 2018 ta ɓullo da wani tsari: a lokacin rajista ana tambayar kowane ɗalibi ko ya yarda a tuntuɓi wani nasa, uba ko uwa ko amini, idan jami'a ta ga rayuwarsa tana cikin haɗari. Sama da kashi 90 cikin 100 suka ce sun yarda. A Yuli 2024 kuma hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar wa jami'o'i jagora bisa wannan shari'a, inda ta ce a horar da malamai da ma'aikatan sashe su gane irin waɗannan alamomi, kuma a ba su ikon yin sassaucin gaggawa ko da takardar likita ba ta iso ba.